Kafin mahauci ya sa wuƙa, san inda za a yanko maka

Wani dattijo mai hawan jini ya ce min a ɗakin awo a nan Gadarif ta ƙasar Sudan: "'Yata, ai na daina cin kitse, tozo kawai nake saya." Na danne dariya na ce, Baba, tozon nan ai gidan kitse ne. Shanunmu na Baggara da Kenana duk masu tozo ne, kuma maiƙon da ke ratse a cikinsa shi ke sa shi daɗi.

Naman sa ba ɗaya ba ne. Duk tsokar da ta sha aiki tana da tauri, wadda ta huta kuwa laushi gare ta. Shi ya sa doguwar tsokar nan da ke kwance a ƙarƙashin ƙashin baya, wadda mahauta ke kira filitto, ta fi ko'ina taushi. Kitsenta kaɗan ne, tsadarta ce da yawa. Naman da ke saman haƙarƙari shi ma yana da laushi, amma ku dube shi da kyau: fararen zare-zaren da suka ratsa jan naman maiƙo ne, wuƙa ba ta iya cire su. A kan garwashi ba abin da ya kai shi ƙamshi, na yarda, sai dai mai ciwon zuciya ya ɗanɗana ya tsame hannu.

Ni cinya nake nuna wa masu jinya. Ja ce sosai, kitsenta a gefe yake, ka sa a feɗe maka shi tun a kan teburin mahauci. Ita ta dace da sharmut, wato naman da ake shanyawa ya bushe, don kitse ke sa busasshen nama ya yi ɗoyi. Ita ce kuma ta agashe, wato tsiren nan Sudan, idan an yanka ta fale-fale a gicciye, ba a bi tsawon zaren naman ba. Ƙwauri, wato moza, da karfata da ƙirji ba na gashi ba ne. Jijiya ce ta cika su, sai an bar su awa 2 zuwa 3 a ƙaramar wuta kafin ta narke ta ba da romo mai kauri. Romon ya huce, a kwashe man da ya daskare a sama.

Masu binciken cutar daji na ba da shawarar kada dafaffen jan nama ya wuce giram 350 zuwa 500 a mako.

Sai batun gasa nama. Tsila daga naman sa da bai nuna ba take shiga hanji, kuma barkono da lemon tsami ba sa kashe ta, balle a marara, wato kayan cikin dabba da ake ci ɗanye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafi ya kai digiri 70 har tsakiya. Ba mu da ma'auni a gidaje, don haka ki tsaga yanka mafi kauri: in ruwan da ya fito ja ne, ki mayar da shi wuta. Niƙaƙƙen nama ya fi buƙatar haka, domin injin ya riga ya cuɗa dattin waje da na ciki.