Faifan Yaƙi a Adakar Tsohon Soja: Me Doka Ta Ce?

Da wuya ka zaga ƙauyukan Ringim, Gumel ko Dambatta ka rasa gidan da ya taɓa ba da soja. Kakanni sun je ƙasar Bama (Myanmar ta yau) a Yaƙin Duniya na Biyu, wasu sun yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, na bayansu sun je Laberiya da Saliyo, yau kuma jikoki suna Arewa maso Gabas. Idan mai gida ya rasu aka zo rabon gado, akan buɗe adaka a tarar da hotuna, ko kaset ɗin bidiyo, ko memori a ƙulle cikin leda. Wani lokaci ba fareti ne a ciki ba, mutane ne a ɗaure ana harbe su.

Ba kowane kisa a fagen daga ne laifin yaƙi ba. Soja ya harbi abokin gaba mai riƙe da makami, wannan yaƙi ne. Laifin yana farawa ne idan aka kashe wanda ya miƙa wuya, ko fursuna, ko mai rauni, ko farar hular da ba ruwansa da faɗan, ko aka azabtar da su. Tushen wannan shi ne Yarjejeniyoyin Geneva huɗu na 1949, kuma Sashe na 3 da ke cikin kowaccensu ya shafi yaƙin cikin gida. Najeriya ta yi musu doka a 1960. "Oga ne ya ba ni oda" ba ya wanke mutum idan haramcin abin a fili yake, kwamandan da ya sani ya kau da kai shi ma yana da nasa kason.

A Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke Hague, wadda Najeriya ta shiga a 2001, irin wannan laifi ba ya tsufa. Sai dai huruminta ya fara ne daga 1 ga Yulin 2002, don haka kaset ɗin zamanin basasa ba zai je gabanta ba. Amfaninsa ya fi ƙarfi wajen tarihi. Na Arewa maso Gabas daban ne. A Disambar 2020 mai gabatar da ƙara ta lokacin, Fatou Bensouda, ta ce akwai dalilin yarda cewa Boko Haram da wasu jami'an tsaro sun aikata laifukan yaƙi.

Hoto ya sha zama shaida. An haska fim ɗin sansanonin 'yan Nazi a kotun Nuremberg da ke Jamus a 1945. Amma wanda ya fi kusa da mu shi ne na Kamaru. A 2018 wani bidiyo ya bazu na sojoji suna harbe mata biyu da yara biyu, gwamnati ta ce ƙarya ce. Masu bincike na BBC suka gwada siffar dutsen da ke bayan mutanen da hotunan tauraron ɗan Adam har suka gano wurin, kusa da iyakar Najeriya, inuwar sojojin a ƙasa kuma ta nuna musu lokacin. A 2020 kotun soja ta ɗaure huɗu shekara goma-goma. Ka lura, ba kallon faifan ne ya ɗaure su ba, tabbatar da wuri da lokaci da mutanen ciki ne.

Nan ne mutanenmu suke yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Ana tsintar memori sai a nufi shagon mai cajin waya, a yanke inda ya fi tayar da hankali, a ɗora waƙa, a watsa a WhatsApp. Tura shi haka yana rage ƙarfin hoton, yana goge bayanan da na'ura ta ajiye. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 kuwa yana son a bayyana na'urar da ta samar da abin da yadda aka fitar da shi, da takardar tabbaci mai sa hannu. Faifan da ya bi hannu hamsin kamar nonon da aka yi wa algus ne, lauya ɗaya ya isa ya zubar da shi. Ga kuma haɗarin ka nuna ɗan wani da yatsa saboda kama kawai, alhali faifan ma na wata ƙasa ne. Ƙarar ɓata suna ce ke jiranka.

Saboda haka a bar na asali yadda yake. A rubuta wanda ya tsinta, a ina, wace rana, a gaban wa; mai unguwa ko dagaci ya isa shaida. Kada a cusa tsohon kaset a injin da ya shekara a ajiye, yana iya tauna zaren. Idan fim ne na majigi mai naɗi, wanda aka yi kafin wajen 1950, a nisanta shi da murhu da rana, domin irinsa saurin kama wuta gare shi. Daga nan sai lauya, ko ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa a Kano ko Dutse. Tsohon fim kuwa akwai ma'ajiyarsa ta ƙasa a Jos.

Magada sukan so ƙona faifan don rufin asirin mahaifinsu. Ba a gurfanar da mamaci, ba a kuma gadon laifi, don haka babu abin da zai taɓa 'ya'yansa. Amma wasu na cikin faifan suna iya zama da rai, kuma a dokar hukunta laifuka ta Arewa, wato Penal Code, lalata shaida don kare mai laifi shi kansa laifi ne.