Gudanar da Ayyuka a Lokaci Guda a Harsunan Rubuta Manhaja

Gudanar da ayyuka a lokaci guda shi ne a tsara manhaja ta yadda sassanta za su ci gaba da aiki ba sai wani ya jira wani ya gama ba. Kowane sashe irin wannan ana kiransa zare. Idan firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, cibiyar lissafi ɗaya gare ta, karɓa-karɓa zaruruwan suke yi cikin sauri, har mutum ya zaci tare suke tafiya. Idan kuwa cibiyoyin biyu ne, ko huɗu, ko takwas, to da gaske tare suke gudana.

Asali

Har farkon shekarun 2000, kowace sabuwar firosesa kan fi ta baya gudu, tsohuwar manhaja ma sai ta ƙara sauri ba tare da an taɓa ta ba. Zafi da cin wuta suka taka wa wannan birki a wajen gigahaz (ma'aunin gudun firosesa) 3 zuwa 4. Sai kamfanoni suka koma ƙara yawan cibiyoyi: IBM ya fitar da POWER4 mai cibiya biyu a 2001, Intel da AMD suka kawo irinta kwamfutocin gida a 2005. Daga nan nauyi ya dawo kan mai rubuta manhaja, domin manhajar da ba ta iya raba aiki ba cibiya ɗaya za ta mora, sauran na zaune. Rabon ma yana da iyaka. Tun 1967 masanin kwamfuta Gene Amdahl ya nuna cewa idan kashi 10 cikin 100 na aiki ba ya rabuwa, saurin ba zai wuce ninki 10 ba, ko cibiya dubu aka zuba.

Inda gizo ke saƙar

Matsalar tana ma'adana, wato wurin ajiye bayanai da zaruruwa ke tarayya a kansa. A ce asusu na da 100, zare biyu kuma kowanne zai ƙara 50. Na farko ya karanta 100. Kafin ya rubuta sakamako, na biyu shi ma ya karanta 100. Kowanne ya rubuta 150, alhali 200 ya kamata a gani. Wannan rige-rige yana da wuyar kamawa, don manhajar na iya yin daidai sau dubu a gwaji, ta kuskure sau ɗaya a hannun mai amfani.

Tsohon maganin shi ne kwaɗo: zare ya kulle bayanin, ya yi aikinsa, ya buɗe. Shi ma da nasa ciwon. Wannan ya riƙe kwaɗon farko yana jiran na biyu, wancan ya riƙe na biyu yana jiran na farko, sai su yi cirko-cirko, manhaja ta sandare.

Yadda harsuna suka tunkari abin

Java ta zo da zare da kwaɗo a jikin harshen tun fitowarta, ta kalmar synchronized. A 2004 aka gyara ƙa'idojinta na ma'adana, aka ƙara kayan aikin da masanin kwamfuta Doug Lea ya jagoranci haɗawa. C da C++ sun daɗe suna dogaro da kayan aikin manhaja na waje, waɗanda ba sa cikin harshen. Sai a 2011 zare ya shiga ƙa'idarsu a hukumance.

Wasu harsunan suka ce a bar tarayyar gaba ɗaya. Erlang, wanda aka fara a kamfanin Ericsson na Suwidin a 1986 don na'urorin sadarwar tarho, yana ba kowane ƙaramin aiki ma'adanarsa, saƙo kawai suke aika wa juna. Idan ɗaya ya faɗi, wani aikin mai sa ido ya tayar da sabo. Ba don cibiyoyi masu yawa aka ƙirƙire shi ba, amma da suka zo sai tsarin ya dace da su, kuma da shi aka gina manhajar sabobin WhatsApp, wato manyan kwamfutocin da saƙonni ke bi ta cikinsu. Go, wanda Google ya fitar a 2009, ya ɗauko tunanin da masanin kwamfuta Tony Hoare ya wallafa a 1978. Rubuta kalmar go a gaban aiki ya isa ya tashi shi kaɗai, da ma'adanar 'yan kilobait, bayanai kuma su bi ta bututu, wato hanyar aika saƙo tsakanin ayyukan. Sai dai Go bai haramta tarayya ba, don haka rige-rige na iya aukuwa.

Rust, wanda sigarsa ta 1.0 ta fito a 2015, ya fi tsauri. Kowane bayani na da mai shi guda, kuma manhajar da ke juya rubutu zuwa harshen na'ura takan ƙi karɓar duk inda zare biyu za su taɓa abu ɗaya ba kariya. Masu koyo kan sha wuya da wannan, amma kuskuren yana bayyana tun kafin a kunna manhajar. Cirko-cirko kam bai hana shi ba.

Python ta daɗe da babban kwaɗo ɗaya, GIL, wanda ke barin zare ɗaya tak ya gudanar da umarninta a kowane lokaci. Mai son cin moriyar duk cibiyoyi sai ya kunna manhajar gida-gida, kowanne da ma'adanarsa. A Oktoban 2024 sigar 3.13 ta zo da zaɓin cire kwaɗon, a matsayin gwaji.