Man tarakta na STOU

STOU, wato Super Tractor Oil Universal a Turance, suna ne da ake rubutawa a jikin jarkar wani nau'in mai da aka haɗa domin ya yi wa tarakta aiki uku: a zuba shi a inji a matsayin baƙin mai, a zuba shi a giya da ƙafar baya, kuma shi ne zai ɗaga garma ta hanyar haidirolik. A mafi yawan taraktoci har birkin da ke jiƙe cikin mai da shi yake aiki. Ana samun sa da kauri iri-iri, waɗanda aka fi gani su ne 10W-30 da 10W-40 da 15W-40. A arewacin Kamaru da Chadi, inda manomi kan yi tafiya mai nisa kafin ya kai shagon kayan gyara a Garwa ko Marwa ko Mundu, samun mai guda da zai wadatar da motar noma gaba ɗaya ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Asalinsa

Tushen abin yana cikin ƙirar taraktar kanta. Harry Ferguson, injiniyan da ya fito da tsarin rataya garma a ƙugiya uku, ya dasa famfon haidirolik a cikin akwatin giya, ta yadda famfon ke zuƙar man da haƙoran giya ke iyo a ciki. Taraktarsa TE20, wadda aka fara ƙerawa a Koventiri ta Ingila a 1946, da wannan tsari ta fito, kuma Massey Ferguson 135 da 165 da waɗanda suka biyo baya duk sun gaje shi. Tun daga nan ya zama dole mai ɗaya ya jure matsin haƙoran giya, ya kuma kasance da ruwa-ruwan da famfo zai iya ja. Da aka fara nutsar da faifan birki cikin wannan man, sai aka ƙara masa aiki na uku. Man da ya iya waɗannan ukun shi ake kira UTTO, wato Universal Tractor Transmission Oil. Daga baya masu haɗa mai suka ƙara masa sinadaran da injin dizal ke buƙata, aka sami STOU.

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, domin sunayen sun yi kama, jarkokin ma kan yi kama. STOU yana shiga inji, yana shiga baya. UTTO baya kaɗai yake shiga. Ba shi da isasshen sinadarin wanke baƙin hayaƙi da kashe tsamin da ƙonewar dizal ke haifarwa, don haka idan aka zuba shi a inji zoben fistin kan cushe da dauɗa. Haka nan kasancewar man iri ɗaya ne ba ya nufin rumbunsa ɗaya ne. Inji da nasa mazubin, giya da nata, kuma kowanne da lokacin juyensa.

Abin da kowane sashe yake nema

Inji yana son mai mai riƙe toka da hayaƙi a jikinsa har ranar juye, ba ya barin su su kwanta. Haƙoran giya suna son mai da ba ya tsagewa idan ƙarfe ya danne ƙarfe, abin da ake aunawa da matakin GL-4 na API, wato ma'aunin ingancin mai na cibiyar man fetur ta Amurka. Famfon haidirolik yana son mai da ba ya kumfa, mai gudu ko da sassafe. Birki kuwa shi ne mai wuyar sha'ani: idan man ya cika santsi ba zai kama ba, idan santsin ya gaza sai ya riƙa kamawa yana saki, a ji ƙugi da karkarwa a ƙafar baya, musamman wajen juya kwana a ƙarshen kunya. Duk bakaniken da ya saba da tarakta ya san wannan kukan, kuma sau da yawa sanadinsa shi ne an zuba baƙin man mota a baya saboda shi ne a kusa.

Man giya mai lamba 90 ko 140 na manyan motoci ma bai dace da wannan rumbu ba. Matakin GL-5 yana ɗauke da sinadaran farar wuta masu yawa, waɗanda kan iya cin sassan tagulla idan zafi ya yi yawa, kuma ba a haɗa shi domin birkin cikin mai ba. Abin lura shi ne lambobin man giya da na inji ba ma'auni ɗaya suke bi ba. Man giya 90 kaurinsa bai wuce na baƙin mai 40 ko 50 ba, saboda haka ganin 10W-30 a jarka ba ya nuna cewa man ya yi wa giya ruwa.

Kamfanoni suna da lambobinsu na amincewa, kuma su ya kamata a nema a bayan jarka. Massey Ferguson tana da M1139 da M1144 na STOU, da M1135 da M1143 na baya kaɗai. John Deere tana da J27 na STOU da J20C na baya. Ford tana da M2C159 da M2C134 bi da bi.

A ƙasar zafi da ƙura

Daga Maris zuwa Mayu zafi a Garwa da Marwa da Njamena yakan haura digiri 40, kuma daidai lokacin ne ake shirin kaftun damina. A lambar kauri irin 15W-40, lambar farko mai harafin W tana nuna gudun man cikin sanyi, wanda bai cika damun mutanen nan ba sai a tudun Ngaundere da asubahin hunturu. Lamba ta biyu ita ce kaurinsa a digiri 100, ita ce mai muhimmanci a yankin. Shi ya sa 15W-40 ko 10W-40 ya fi dacewa da tsohon injin Perkins da ke jan garma a baƙar laka mai tauri irin ta gonakin masakwa.

Ƙura ta fi zafi ɓarna. Duro a buɗe, mazurari a yashe a ƙasa, jarkar da aka auna dizal da ita jiya, duk hanyoyi ne da yashi ke bi ya kai ga famfon haidirolik, har garma ta fara tashi da kyar ko ta sauka da kanta. A nan fa'idar mai guda take fitowa fili: duro ɗaya, mazurari ɗaya, kuma yaron mota ba zai yi kuskuren jarka ba. A gonakin SEMRY, kamfanin noman shinkafa na gwamnatin Kamaru, a Yaguwa da Maga, da na ƙasan madatsar Lagdo, abokin gaba ruwa ne. Yana shiga ta yagaggen robar sandar giya ko ta bakin ƙafa, man ya koma fari kamar kindirmo. Irin wannan ba ya jiran cikar sa'o'i, zubar da shi ake yi nan take.

Littattafan taraktoci da dama suna sa juyen inji a wajen sa'o'i 250 na aiki, na baya kuma a wajen 1,000. Injin matsakaiciyar tarakta yana shan lita 6 zuwa 8, bayan kuwa daga 25 har sama da 40, abin da ke sa masu haya jinkirta juyen baya shekara da shekaru.

Inda bai dace ba

STOU sulhu ne tsakanin buƙatu huɗu, kuma a inji yawancinsa bai wuce matakin API CF-4 ko CG-4 ba. Wannan ya ishi tsofaffin taraktoci da masu sauƙin ƙira da ake shigowa da su daga Indiya da Pakistan. Sabon inji mai matatar hayaƙi a salansa yana buƙatar mai mai ƙarancin toka, irin CJ-4 ko CK-4, domin tokar STOU tana toshe matatar. Haka ma giyar zamani mai canza gudu da kanta tana da man da kamfaninta ya ƙayyade mata, kuma zuba wani daban na iya soke garantin motar.