Matsalar Rediyo a Ƙaramin Jirgin Sama

Ƙananan jiragen sama na magana da hasumiyar filin jirgi ta rediyon da ake kira VHF, a zangon da ke tsakanin megahaz 118 da 137. Sautin wannan zango ba ya ratsa dutse, ba ya kuma bin lanƙwasar ƙasa, shi ya sa jirgin da ke shawagi ƙasa-ƙasa kan daina jin hasumiya alhali rediyonsa lafiya ƙalau. Ƙara tashi sama kaɗai kan dawo da magana.

Rediyon da ya mutu murus ya fi sauƙin sha'ani a kan mai ɗauke-ɗauke, domin na biyun kan sa matuƙi ya zaci an ji shi alhali ba a ji ba. Galibi laifin ba na akwatin rediyon ba ne. Ko dai an rage murya an manta, ko an murɗa zangon da ba shi ba, ko filogin na'urar sawa a kunne ya yi sako-sako, ko tsatsa ta ci gindin eriya. Ƙarar da ke hawa da sauka tare da gudun inji a cikin rediyo yawanci daga altaneta take, wato na'urar da ke cajin batir, ko daga wayoyin filogin inji. Akwai kuma maƙalewar maɓallin da matuƙi ke dannawa idan zai yi magana, wadda ta fi muni: matuƙi ba ya jin kowa, kowa na jin hirarsa, kuma ya toshe zangon ga sauran jirage.

Idan altaneta ta daina caji, batir zai yi ta raguwa, kuma aika magana ne ke fara gagara tunda ya fi saurare cin wuta. Injin dai ba ya mutuwa, don maganeto, na'urar da ke samar da wutarta ba tare da batir ba, ita ce ke ba shi tartsatsi. Sai a kashe duk abin da ba dole ba.

Ƙa'idar da ake koya wa matuƙa ita ce a riƙe jirgi tukuna, a san inda aka dosa, sannan magana. Bayan ya duba murya da zango da filogi, matuƙi kan koma zangon da ya baro ko ya gwada 121.5, zangon gaggawa, ya sa lamba 7600 a tiransifonda, na'urar da ke nuna lambar jirgi a allon rada, domin masu rada su gane rediyonsa ya ɗauke. Yana ci gaba da faɗin inda yake da abin da zai yi, ko da ba amsa.

Hasumiya kuwa da fitila take ba jirgin da rediyonsa ya ɗauke umarni. Ga jirgin da ke sama, kore tsayayye na nufin sauka. Kore mai ƙyaftawa, dawo domin sauka. Ja tsayayye, ba wani jirgi hanya ka ci gaba da kewayawa. Ja mai ƙyaftawa, filin na da haɗari, kada ka sauka. Da rana matuƙi na amsawa da karkaɗa fukafukai, da dare da ƙyafta fitilar sauka.

Matuƙa da yawa na ajiye rediyon hannu saboda irin wannan rana. Da guntuwar eriyarsa ba ya kai wa nesa daga cikin jirgi, sai in an jona shi da eriyar waje.