Waiwaye: Yadda yashi ke cinye fadamun Katsina

Fadama ba ƙasar wurin ba ce tun asali, ruwa ne ya kawo ta. Idan damina ta yi nisa, gulbi ya cika ya tumbatsa, ruwan da ya haura gaɓa sai ƙarfinsa ya ragu. Yashi mai nauyi shi ke fara zubewa a bakin gaɓa, shi ya sa gefen gulbi ke ɗan yin tudu. Laka kuwa, da yake ba ta da nauyi, sai ruwa ya tafi da ita can cikin kwari, ta kwanta a hankali tare da ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi. Bana kaɗan, baɗi kaɗan, har aka sami baƙar ƙasar nan mai danƙo da ke riƙe laima bayan jigawa ta bushe ƙayau. Ruwan da ya kwanta kuma ba a banza yake tafiya ba, yana nutsewa ya cika ƙarƙashin ƙasa, inda kakanninmu ke haƙa rijiya gajera su kafa jigo su ba albasa da rake ruwa.

Haka gulaben Katsina suka daɗe suna yi: Gada, Karaduwa, Bunsuru da Gagare, waɗanda duk ruwansu ke ƙarewa a Gulbin Rima. Gada ma sai ya shiga Nijar, ya zama Gulbin Maraɗi, kafin ya dawo gida.

Farin da aka yi a 1973 ne ya sauya tunanin hukuma. Aka ga cewa dogaro da sama kaɗai hatsari ne, aka koma tare ruwa. An gina madatsar Ajiwa don ruwan shan birnin Katsina, aka kammala Zobe a kan Karaduwa kusa da Dutsin-Ma a 1983, Jibiya ta biyo baya a kan Gada, ga Sabke da Daberam a ƙasar Daura. Ba mai musun amfaninsu. Amma madatsa ba ruwa kaɗai take tarewa ba. Lakar da ya kamata ta isa fadamun da ke ƙasa da ita a cikin tafkin take kwanciya, tana rage masa zurfi, su kuma manoman ƙasa ambaliyar da ke sabunta musu gona kowace shekara ta ragu. Asara biyu ke nan daga abu ɗaya, kuma ba kasafai ake lissafa ta biyun ba.

A tudu ma abubuwa sun canja. Jama'a ta ƙaru, an daina barin gona ta huta, an sare itatuwa don makamashi, an nome har bakin rafi inda da gamba da jema ke riƙe gaɓa. Ruwan sama na farko kan tarar da ƙasa tsirara, sai ya kwashe ta ya tsaga kwazazzabai. Abin da ke gangarowa fadama yanzu yawancinsa farin yashi ne, wanda ke binne baƙar ƙasa a dare ɗaya. Cikin gulbin kansa ya cike, don haka ruwa kaɗan ya ishe shi ya bar hanyarsa. Mutanen Jibiya ba za su manta da daren Yulin 2018 ba, lokacin da ambaliya ta ci rayuka fiye da 40. Ga kuma masu tipa da ke kwasar yashi a gindin gaɓa har ta rufta.

An yi yunƙurin gyara. Shirin dashen itatuwa da Tarayyar Turai ta wancan lokaci ta tallafa wa Katsina daga ƙarshen shekarun 1980 ya bar shingayen itatuwa da har yau ake gani a arewacin jihar. Shirin Fadama na Bankin Duniya, da aka fara a farkon shekarun 1990, ya yaɗa injin ban-ruwa da ƙananan rijiyoyin burtsatse, noman rani ya bunƙasa ƙwarai. Sai dai a ganina ya fi mai da hankali kan jawo ruwa daga ƙasa, bai kula sosai da abin da ke mayar da shi ba. A ƙarshen 2021 bankin ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace a jihohin Arewa 19 da Abuja, wanda ya ɗauki yankin da ruwa ke taruwa gaba ɗayansa a matsayin wurin aiki.

Nan ne gyaran yake, domin yashin da ke kashe lambu a kwari daga gonar wani a tudu ya taso. Sai an jera duwatsu an tare kwazazzabo tun yana ƙarami, an bar gawo da sauran tsiro su tashi a gona, an bar ɗan fili a bakin rafi ba a nome ba, an kuma hana gini a hanyar ruwa. Masu kula da madatsu na iya sakin ruwa a kan lokaci don fadamun ƙasa su jiƙa. Mafi wuya shi ne shawo kan manomin da gonarsa ba ta kai kadada ɗaya ba ya bar gefen rafi, alhali nan ne ya fi ba shi amfani. Wannan sai da diyya, da kuma bakin masu unguwanni da dagatai.