Waiwaye: Yadda aka koyi ganin birkin ƙwayar halitta

Masu binciken ƙwayoyin halitta sun san totur tun kafin su san birki. A shekarun 1950 Rita Levi-Montalcini ta gano sinadarin da ke sa jijiyoyi su yi tsiro, Stanley Cohen kuma ya tsamo EGF, sinadarin da ke sa ƙwayoyin fata su girma, daga ƙululun yawun ɓera a 1962, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 1986. Hankalin kowa ya karkata ga saƙon da ke ce wa ƙwayar halitta ta girma ta rabu biyu. Mai ce mata "ya isa haka" kuwa, an daɗe ba a san kamanninsa ba.

Kayan aikin ganin birkin ne suka riga shi isowa. A 1975 Köhler da Milstein suka samar da antibodi (sinadarin garkuwar jiki) iri ɗaya tal a Kambirij ta Ingila, wanda ke kama furotin guda ya ƙyale saura. A 1979 kuma Towbin da abokansa a Basel ta ƙasar Suwizalan suka fito da dabarar kwashe furotin zuwa kan wata takarda ta musamman, a zuba antibodi, duk inda ya maƙale sai layi ya bayyana.

A ƙarshen shekarun 1990 wasu birkunan suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Furotin Smad7 mai daƙile saƙon sinadarin TGF-beta a 1997, sannan furotin Sprouty a 1998, daga ɗakin binciken Mark Krasnow a Jami'ar Stanford. Ƙudan 'ya'yan itacen da aka cire wa wannan furotin, hanyoyin numfashinsa sai su yi rassa barkatai, don ba mai tsawata wa saƙon FGF, sinadarin da ke sa su yi rassan.

A nan gizo ke saƙar. Saƙon ne da kansa yake haifar da Sprouty, kuma Sprouty ba ya daɗewa: furotin c-Cbl kan liƙa masa alama a rushe shi. Wanda ya ɗebi samfurinsa a makare, zai iya rantsewa babu shi. Ga shi ɗan Adam yana da Sprouty har huɗu, wutsiyarsu kamar an tsaga kara, don haka antibodin da aka yi da wannan ɓangare yana iya kama ƙane a ce wa ne.

Shekaru da dama ana sayen kwalbar antibodi a gaskata abin da kamfani ya rubuta a jikinta, sakaci ne a ganina. A 2016 wani kwamiti ƙarƙashin Mathias Uhlén ya shimfiɗa hanyoyi biyar na tantance antibodi. A 2023 ƙungiyar YCharOS ta gwada antibodi 614 a kan furotin 65, fiye da rabi suka faɗi aƙalla a gwaji ɗaya. Ma'aunin da ta yi aiki da shi mai sauƙin fahimta ne: a cire wa ƙwayar halitta furotin ɗin gaba ɗaya, a zuba antibodi. In layin bai ɓace ba, wani abu dabam yake kamawa.