Ma'anar "taskar tarihi": takarda ba alƙali ba ce

Kwanan nan duk inda ka juya sai ka ci karo da kalmar nan. Mutum ya samo tsohon hoton wani gwamna ya ɗora a Facebook, sai ya rubuta "daga taskar tarihi". Ɗan siyasa in gardama ta yi masa zafi a rediyo, sai ka ji ya ce a je a duba taska, komai yana nan a rubuce. Wasu ma akayib suke cewa, don a san sun yi boko. Da an faɗi haka kowa sai ya ja bakinsa ya yi shiru.

Bambancinta da 'yan uwanta ba wuya. Gidan Makama a Kano gidan tarihi ne, kaya ake jerawa a zo a kalla. Laburare littattafan da aka buga ne, in kwafi ɗaya ya ɓace akwai wani a wani gari. Taska kuwa wurin ajiye takardun da ba su da na biyu ne: wasiƙu, fayilolin ofis, rasit, daftarin da marubuci ya yi ta sokewa yana gyarawa. Irin abin da masu bincike ke zuwa nema a Gidan Arewa da ma'adanar takardun ƙasa da ke Kaduna ke nan.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka mai da ita mai yanke hukunci, kamar an rubuta duk abin da ya faru, an ajiye duk abin da aka rubuta, kuma duk mai karantawa zai karanta daidai. Ukun nan babu wanda yake gaskiya, kuma takardun Herman Melville sun isa hujja.

Melville marubucin Amurka ne, an haife shi a New York a 1819, ya rasu a can a 1891. Shi ya rubuta Moby-Dick, wanda ya fito a 1851, littafin da yau ake sawa a sahun gaba na adabin ƙasar. To ina daftarin da ya rubuta da hannunsa? Ba a same shi ba har yau. Littafin bai yi kasuwa ba a zamaninsa, mai shi kuma ya ƙare a aikin kwastan na shekara 19 a tashar jiragen ruwa, don haka ba wanda ya ga dalilin killace takardunsa. Shi kansa ma ya taɓa faɗa a wata wasiƙa cewa yana da mugun halin lalata kusan duk wasiƙun da ake aiko masa. Abokinsa Nathaniel Hawthorne, wanda ya sadaukar wa littafin, ya rubuto masa wasiƙar yabo bayan ya karanta. Wannan wasiƙa ta ɓace. Amsar da Melville ya mayar cikin murna ita ta rage, daga ita masana ke kintatar abin da Hawthorne ya ce. Rabin hira ke nan, amma shi ma sunansa taska.

Abin da ya tsira kuwa, yawancinsa albarkacin matan gidan ne. 'Yar uwarsa Augusta, wadda takan kwafe masa rubutu ya fito tsaf kafin a kai maɗaba'a, mace ce mai adana takarda. A 1983, shekara 92 bayan rasuwarsa, aka gano tarin takardunta a wata tsohuwar rumfar gona a yankin Gansevoort na jihar New York: ɗaruruwan wasiƙun dangi, da kimanin shafi 30 na daftarin Typee, littafinsa na farko na 1846. Babban laburaren jama'a na New York ya saye su. Wato duk wanda ya rubuta tarihin Melville kafin 1983 yana bugun ƙirji cewa ya "duba taska", taskar da ya duba da giɓi a cikinta bai sani ba.

A nan gida ma haka ne, ta wata fuskar. Fayil ɗin zamanin Turawa da ke Kaduna abin da Razdan ko Di'o ya ga dama ya rubuta ne, da harshensa, don shugabanninsa su karanta. Talakan da aka karɓi harajinsa bai bar nasa fayil ɗin ba.

Amma abin da ya fi nuna matsalar shi ne Billy Budd, wani ƙagaggen labari na Melville. Melville ya rasu bai gama shi ba. Ya bar ganyen takarda 351, wani wuri da tawada, wani da fensir, ga soke-soke, ga guntayen takarda da aka maƙala a kan wasu, ga shi kuma hannunsa ba ya karantuwa da sauƙi. Matarsa Elizabeth ta yi ƙoƙarin jera shafukan, tana ɗan rubuta abin tuni a jiki. Daga baya aka zuba su a gwangwanin ajiye burodi, har suka zo hannun jikarsa Eleanor Melville Metcalf. Ita ta nuna wa wani malamin jami'ar Columbia, Raymond Weaver, a 1919, shi kuma ya buga labarin a Landan a 1924.

Weaver yana riƙe da asalin rubutun a hannunsa, ba kwafi ba, ba ji-ta-ji-ta ba. Duk da haka bai iya raba hannun miji da na mata ba. Akwai wasu shafuka da Melville ya cire daga tsakiyar labarin ya ajiye gefe. Elizabeth ta gan su, ta rubuta a kai tana tambayar ko gabatarwa ce, har da alamar tambaya. Sai aka ɗauka umarnin marubuci ne, aka buga su a farkon littafin a matsayin gabatarwa. Kusan shekara 40 manazarta suna gina sharhi a kan wannan "gabatarwa", suna cewa ga inda Melville ya bayyana manufarsa. Sunan littafin ma wanda Melville ya riga ya sauya aka ɗora masa. F. Barron Freeman ya sake bin daftarin a 1948, ya gyara wasu kurakurai, amma gabatarwar tana nan daram. Sai a 1962 Harrison Hayford da Merton Sealts, bayan sun shafe shekaru suna bin takarda da tawada da fensir ganye bayan ganye, suka nuna inda hannun Elizabeth yake, suka cire abin da marubucin ya riga ya cire.

Ban ga laifin baiwar Allah ba ko kaɗan. Ba don ita ba da labarin ya bi sahun daftarin Moby-Dick. Ita ta yi tambaya, masu digiri ne suka mai da tambayarta amsa.

Ko aikin 1962 ɗin bai kashe gardama ba. Labarin na wani matashin ma'aikacin jirgin ruwan yaƙi ne da ya kai wa wanda ya yi masa ƙazafi naushi ɗaya ya mutu, kyaftin ɗin jirgin ya sa aka rataye shi alhali ya san ba da niyya ya yi ba. Shin Melville yana bayan kyaftin ɗin ne ko yana tuhumarsa? Daftarin ya nuna cewa gyare-gyaren ƙarshe da ya yi da fensir sun ƙara jefa shakka a kan kyaftin, har likitan jirgin yana tunanin ko hankalinsa ya taɓu, sai dai ajali ya riske shi kafin ya daidaita sauran sassan da wannan sabon tunani. Shi ya sa Hayford da Sealts suka buga matani biyu a littafi ɗaya, ɗaya na karatu, ɗaya mai nuna duk abin da aka soke da kowane ƙari a inda suke. Daftarin yana laburaren Houghton na jami'ar Harvard, kuma masu goyon bayan kyaftin da masu tsine masa duk daga shafukansa suke ciro hujja.